Kwalbar da ke Cikin Gwangwanin Maɓallai

Uwar Biyu ta rufe kwalbar da gefen mayafi kamar kayan sata, sai da layi ya watse tukuna ta tura wa mai kemis. Yarinyar ta jijjiga ta, ta ji wayam.

"Mama, har ta ƙare? Ɗaya fa ake sha a rana."

Uwar Biyu ta rantse ɗaya take sha, sai dai in aljanu ke taya ta.

Tun da al'ada ta ɗauke mata gabanta ya bushe. Zama a kan keken ɗinki ma sai da dabara, balle kwanciyar aure, wadda ta koma mata azaba. Amma bakin nan da masu yadi ke tsoro a kasuwa ya kasa faɗa wa mijinta haka. Sai ta ƙirƙiro ciwon gwiwa, ta ɗauki filonta ta koma ɗakin da 'yan biyu suka bari. Wata aminiyarta ce ta raɗa mata sunan bitamin ɗin, ita kuwa ta ɓoye shi cikin gwangwanin maɓallai. Yanzu hira ta mutu a gidan, kuma abin na cin ta.

Mai kemis ta miƙo sabuwar kwalba, ta rage murya ta ce bitamin ba laifi, amma kada ta jingina da shi kaɗai. Akwai man shafawa da wasu magunguna da likitar mata ke rubutawa. Uwar Biyu ta ce da girmanta ina za ta kai wannan magana?

"Mama, ita kunyar ce ba ni da maganinta a shago."

Ta dawo gida da wuri, ai kuwa ta kama aljanin. Baban Biyu, tsohon direban bas, na durƙushe gaban keke, tabarau a ƙarshen hanci, yana tonon maɓallai. Sai a lokacin ta haɗa lissafi: gemun da ya rine baƙi ƙirin, turaren da ke sa kyanwa atishawa, tsalle-tsallen safe a tsakar gida.

Ya yi ta kame-kame, har dai ya sallama. Wai almakashi ya zo nema ya ga kwalbar, ga hoton tsoho da tsohuwa a jiki suna gudu suna dariya. Sai ya ɗauka shi ta saya wa, kunya ta hana ta ba shi.

"Gwiwar da ke taka keke yini guda ba ta ciwo," in ji shi. "Na san tsufana ne ya kore ki."

Ta yi dariya har ta dafa bango, dariyar ta juye kuka. Tausayinsa ya kama ta. Ta zauna, ta ƙura wa allurar keke ido, ta faɗa masa komai.

Bai yi wasa ba wannan karon. Ya tambayi tun yaushe take jin zafin. Ta ce tun kafin ta bar ɗaki, da daɗewa. Ya cire tabarau ya goge, ya sake gogewa.

Can ya ɗauko takalmanta ya ajiye a gabanta, ya ce ta tashi su je asibiti. Ta ce wurin fa duk mata ne, rabinsu masu ciki. Ya ce ba komai, zai riƙe jaka.

Har sun kai ƙofa ta koma. Ta ɗauko filon, ta jefa shi kan gadonsu, sannan ta zura masa sabuwar kwalbar a aljihu.

"Riƙe abinka, Malam. Ai kai ya karɓa."