Ɓarawon da Ya Bar Zuma

Kwana uku Maigari ya ba Gidaɗo ya kwashe shanunsa ya bar ƙasar ƙauyen. Ranar Talata aka yanke maganar a rumfar ƙofar gida, kuma Sahabi mai zuma ne ya kai ƙarar.

Amya huɗu aka fasa masa cikin mako biyu, duk a kan ɗorawoyin bakin gonarsa, gabas da hanyar Adabka. Babu kowa a wajen sai rugar Gidaɗo, wanda shekara goma sha ɗaya ke nan yana sauka a gonar bayan girbi, shanu su ci kara, su bar taki. Gidaɗo ya rantse ba shi ba ne. Sahabi ya ce bai yarda ba.

Ranar Laraba da hantsi ya tarar da ta biyar a ƙasa, an yage ta. Ya tattara abin da ya rage a ƙwarya, ya dangwarar gaban matarsa Saratu, wadda ita ke tace zuma tana fid da kaki tun aurensu.

"Ga aikin mutanenki masu kawo miki nono."

Saratu ta ɗaga saƙa ɗaya, zuma na ɗiga. Ta ɗaga ta biyu.

"Malam, wagga ai cike take. Wagga ma. Ina baƙar saƙa, mai ɗiyan zuma?"

"Mi za ki yi da tsutsa?"

"Ni ba komi. Amma wanda yaz zo, ita yaɗ ɗauka. Wane ɓarawo na za shi sha harbi, shi bar zuma, shi tahi da tsutsa? Kasuwar Gummi ana saida ta?"

Ta kai ɓallen amyar hancinta, ta yi saurin kawar da kai.

"Kuma babu ƙaurin hayaƙi. Mutum ba shi taɓa amya ba wuta. Shinshina ka ji, wari na."

Sahabi ya shinshina. Ya saka takalminsa.

A rugar ya iske mata sun kwance bukka biyu, ana ɗaure tabarmi a bayan takarkari. Gidaɗo na tsugune yana gyara igiyar maruƙa, bai ɗago ba.

"Gidaɗo, zo ka duba mini wani abu."

"Ran da nac ce mu tahi mu duba sawu, mi kac ce? Ka ce shanuna sun tattake."

"Na ce. Yanzu roƙo nike."

Gidaɗo ya ƙarasa ƙullinsa a tsanake, sannan ya saɓa sanda ya wuce gaba.

A gindin ɗorawar ya duƙa. Bai daɗe ba ya nuna da bakin sanda: sawu gajere mai faɗi, yatsu biyar, farata dogaye sun nutse cikin rairayi. Gaba kaɗan ga ramuka uku sababbi.

"Dage na," in ji shi. "Kai Kaɗo, shekara nawa kana aza amya ba ka san sawun dage ba?"

"Ban taɓa ganinai nan ba. Can bakin gulbi ka jin labarinai."

"Can yake da. Abincinai cikin ƙasa yake: gafiya, kusu, kunama, har maciji. Hanci shika bi, in ya ji motsi shi tona. To bana mutanenku sunka sa ma dajin gulbi wuta don farautar gafiya. Mi yar rage mai? Toka. Dabba in abinci ya ƙare inda take, zagayenta take ƙara ma faɗi. Ya biyo kwari, ya ji ƙamshin amya."

"Shi ya sa ya bar zumar?"

"Shina lasa kaɗan. Amma nama shika nema, ɗiyan zuma su ne namanai. Harbi kuwa bai dame shi ba, fatar ta yi kauri. Kuma inda duk yaƙ ƙoshi sau guda, sai ya komo har wurin shi ƙare. Saura nawa gare ka?"

"Bakwai."

"To shi ma ya san bakwai ne."

Sahabi ya ɗaga kai ya dubi ɗorawar. Gangar jikinta ta fi ƙarfin runguma, reshen farko ya yi tsawon mutum biyu.

"Ya aka yi ya hau?"

Gidaɗo ya buga sandarsa a kan wani gungume da ke jingine da ɗorawar, an sassare masa matakai. Duk jikinsa karcen farata ne.

"Wa yaj jingina wanga?"

Sahabi ne. Tun da gwiwarsa ta fara ciwo bara ya daina hawa da igiya, ya sassaƙa gungume ga kowace itaciya, ya bar su a wurin don sun yi nauyin ɗauka.

"Ka aza mai tsani," in ji Gidaɗo, "ni kuma ka kai ni ƙara."

Bayan la'asar rumfar Maigari ta cika. Sahabi ya ajiye ƙwaryar saƙa da guntun gungumen, ya faɗi komai da bakinsa, har da maganar Saratu. Aka yi dariya, wani ya tambaya ko dagen ma kwana uku za a ba shi.

"Gidaɗo," in ji Maigari, "na janye. Zauna inda kake."

"Ranka shi daɗe, na gode. Ƙasarka ba mu barin ta. Amma bukka an riga an kwance. Bello ya daɗe shina roƙon shanu su kwan mai gona. Can za mu kafa bana."

Bello maƙwabcin Sahabi ne, kunya ɗaya ta raba gonakinsu. Takin bana ya kuɓuce wa Sahabi ke nan.

Washegari Sahabi yana jan gungume na uku daga gindin itace lokacin da shanun suka tsallaka iyaka, ɗaya bayan ɗaya.