Tutar Baba Ike

Duk jami'a an san Zailani da iya kwaikwayo. Ya ga tafiyarka sau ɗaya, shi ke nan ka shiga uku. Shi ya sa idan Ranar Tsumma ta zo, ranar da ɗalibai ke sa yagaggun kaya su taso daga Samaru zuwa Sabon Gari suna barkwanci don tara wa marasa lafiya taimako, shi ake sawa a gaba. Dokar ranar ɗaya ce: ba a ware kowa. An yi shugaban jami'a, an yi malamai, har sojojin da ke mulki an taɓa.

A 1974 Zailani ya zaɓi Baba Ike. Ikechukwu sunansa, tsohon ma'aikacin reluwe. Tun da ya dawo bayan yaƙin basasa kansa bai koma daidai ba. Kullum yana tsaye inda layin dogo ya ratsa titi, da koriyar tuta a hannu, yana ba jirgi hannu, yana ba akuya hannu. Da Zailani ya gwada shi a ɗakin kwana, sai da wani ya faɗo daga gado don dariya.

Matsalar ita ce Mama Chinwe, ƙanwar Baba Ike, mai shinkafa da kifi a bakin layin. Tun Zailani yana ɗan aji ɗaya take ƙara masa kan kifi tana ce masa "ɗana". Yaron da ya baro uwarsa a ƙauye ba ya wasa da irin wannan. Labari kuwa ya riga shi isa kasuwa.

"Na ji za ka yi yayana," ta ce, ba ta ko dube shi ba. "Ka yi. Amma in ka yi, ka nemi wata uwar."

Ya koma Samaru, ya sami Hamza, shugaban shirin, ya gaya masa yadda suka yi.

"In muka cire mutum ɗaya don ƙanwarsa ta ɓata rai, baɗi hukuma za ta aiko da nata sunayen," in ji Hamza. "Ka san sun daɗe suna neman hanyar rufe mana baki."

Hamza ba ƙarya ya yi ba, abin da ya fi damun Zailani ke nan. Ga kuma daɗin tafi, wanda ko ga kansa bai cika amsa yana so ba.

Ranar ta zo. Ya sa tsohuwar hular reluwe da yagaggen kaki, ya ɗaura koren ƙyalle a kara. Tun daga Samaru ake shewa. Da ayarin ya iso bakin layi, sai ga Baba Ike a wurinsa. Mama Chinwe ta ajiye ludayi. Zailani ya ji kunya ta rufe shi, amma ganguna na bayansa, ya ɗaga ƙyallen.

Dattijon ya ƙura masa ido. Sai ya tako a hankali, fuskarsa ta saki.

"Kai ne canji?" ya ce. "Sai yanzu suka aiko ka? Tun da yaƙi ya watsa mu nake jira, ba wanda ya zo ya karɓe ni."

Ya miƙa masa tutarsa ta gaske, wadda hannu ya cinye sandarta. Ya juya ya nufi rumfar ƙanwarsa, ya zauna a benci, ya cire takalmi. 'Yan kasuwa suka ce rabonsu da ganinsa zaune da rana har sun manta.

Dariya ta mutu. Hamza ya matso ya rage murya.

"Mu tafi, jama'a na jira."

"Ku je. Ina kan aiki."

Hamza ya dubi dattijon, ya dubi abokinsa, ya ɗaga wa masu ganga hannu suka wuce.

Zailani ya tsaya a rana har la'asar. Jirgin kaya ya zo, ya ɗaga masa tuta, direban ya amsa da ƙaho. Can Mama Chinwe ta kawo kwano ta dire a gabansa. Akwai kan kifi a sama.

Baba Ike ya farka daga gyangyaɗi, ya zo ya karɓi tutarsa.

"Gobe yaushe za ka zo?"

Zailani ya dubi Mama Chinwe. Ita ma amsar take jira.

"Da na fito lacca, Baba," ya ce.