Kiɗan Manasseh a Kunnen Yayarsa

A Sabon Garin Keffi in ka ce kana neman Manasseh, sai a tambaye ka wanne. In ka ce mai jita, nan take za a ce, "Au, Janareta?" a nuna maka gidan. Godfrey bakanike ne ya laƙa masa sunan, ranar da ya bar motar da yake gyara ya tsallako titi da sufana a hannu, a zatonsa janaretan maƙwabta ne ke shirin mutuwa. Ya shiga ya tarar da mutum zaune a kan benci, ido a rufe, rungume da jitar lantarki.

Catherine ce yayarsa, shekara tara ta ba shi. Nas ce da ta yi ritaya, ta buɗe ɗan kemis a gaban gidan da iyayensu suka bar musu, tana ɗakunan gaba, shi yana na baya. Ita ta saya masa jitarsa ta farko yana sakandare, kuma ta sha faɗa cewa duk cikin kurakuran da ta yi a rayuwa, wannan ne kaɗai mai ƙara.

Ba wai bai iya ba. Abin da ke ƙona mata rai ke nan. Shekara goma yana kaɗa wa cocinsu jita, har daga wasu unguwanni ake zuwa jin hannunsa. Sai wani abokin aikinsa a sakatariya ya ara masa kaset-kaset na kiɗan rok, ya yi shekara yana kwaikwayo, daga nan ya ce su ma Turawan ba su ƙure abin ba. Ya fara tsara nasa. Yakan cusa ƙusa da guntun wayar keke tsakanin wayoyin jitar, ya sassauta wata har ta riƙa lilo, ya goga mata kwalbar magani. Wata Lahadi ana tsakar waƙar baiko, masu ibada suna jefa sadakarsu, ya saki wani sauti da ya sa mata uku suka leƙa taga. Dattawan coci suka zauna, suka yi masa godiya ta musamman, suka ɗora shi a kan jera kujeru.

Haka aka yi ta tafiya, Keffi tana cika da ma'aikatan da hayar Abuja ta koro, gonaki suna zama gidaje, Manasseh yana bayan gida yana abinsa. Yana sa kiɗan a intanet, ya ce akwai masu saurare a ƙasashen waje. Catherine ta ce ai dole, su da ke nesa.

Wata Talata da la'asar wata mata ta tsaya a kemis ɗin, ta nemi maganin ciwon kai. Tana miƙa hannu sai kiɗan ya taso daga baya. Matar ta tsaya cak.

"Wa ke wannan?"

"Ki yi haƙuri, Hajiya, ƙanina ne," in ji Catherine. "Yanzu zan sa ya daina."

"Kada ki soma! Ba Manasseh ba ne? Wata shida ina nemansa, ashe a garin nan yake!"

Sunanta Dakta Zubaidatu, tana koyar da wasan kwaikwayo a jami'ar garin. Ta shiga ta zauna a kan bencin kusan awa biyu, ta fito ta manta da maganin a kan kantar kemis ɗin. Catherine ta bi ta da kallo, ta ce a ranta boko ma in ya yi yawa ciwo ne.

Bayan wata ɗaya Dakta ta dawo da labari: wani gidan baje kolin zane a Abuja ya ba Manasseh ranar Asabar, ƙarfe biyu na rana, shi kaɗai.

"Yaya, za ki zo?" ya tambaye ta, yana sosa ƙeya kamar ba mai shekara arba'in da ɗaya ba.

"Zan zo. In aka jefe ka da kujera, gara a ce akwai nas a kusa."

Godfrey ne ya kai su a motarsa, lasifika biyu a but, jitar a cinyar mai ita. Suka yi awa guda a cunkoson motoci tsakanin Masaka da Mararaba suna jan ciki. Godfrey ya ce shi a mota zai jira, don ya riga ya ji kiɗan kyauta shekara da shekaru.

Ɗakin fari ne tas, mutane ba su wuce arba'in ba, wasu Turawa, wasu 'yan Abuja masu gilashi, yawancinsu zaune a ƙasa a kan matasai. Babu filin rawa, babu mai niyyar yi. Catherine ta nemi kujera ta zauna a gefe, jaka a cinya, ta shirya jin kunya.

Manasseh ya fito da rigarsa ta zuwa ofis. Ya rataya jitar. Ya finciki waya mai kauri, ta yi gurnani ta mutu. Ya sake fincika, sai sautin ya kama, ya riƙa bugawa duf-duf-duf, a hankali, sannan da sauri. A kan wannan ya ɗora wani ƙas-ƙas kamar ana marin fata. Catherine ta dubi silin. Can sai ƙarar ta yi nauyi, ta shaƙe, kamar an zuba mata wani abu a baki, ta yi ta tauna, sannan ta saki.

Catherine ta sauke kai daga silin. Ta san wannan shaƙewar. Haka injin niƙan mahaifiyarsu yake yi in an juye masa dawa, can a Panda, kafin a yi wa babansu canjin aiki zuwa Keffi. Ƙas-ƙas ɗin nan bel ɗin injin ne, wanda aka ɗinke da waya. Ga shi kuma sautin ya yi laushi ya jiƙe, wato an koma markaɗen wake, masu ƙosai sun iso. Har layin robobi ta gani a ƙofar rumfar, da garin da ke sauka a girar Mama. Sai daga ƙarƙashin duk wannan hayaniya wata siririyar waya ta fara rera wani abu, ƙasa-ƙasa, irin yadda Mama ke yi da hanci in tana aiki, tana zaton ƙarar inji ta rufe ta. Waƙar ta je rabi ta tsaya. Ta sake farowa, ta tsaya a wuri ɗaya.

Shekara goma sha shida da rasuwar Mama. Catherine ta laluba jaka ba ta sami hankici ba, ta share fuska da gefen ɗankwali, tana jin haushin kanta, tana jin na Manasseh. Shekara nawa tana jin wannan abu ta bango, gutsure-gutsure, tana rufe taga.

Da ya gama aka yi tafi, irin na masu ilimi, ba mai yawa ba amma mai tsawo. Aka ba da damar tambaya. Wani dogo mai gemu ya miƙe, bai yi tambaya ba, ya yi bayani: wannan kiɗa kukan Mararaba ne, birni yana haɗiye ƙauye, ƙarfe yana cin ɗan Adam. Ya juya ga Manasseh ya ce ko ba haka ba?

"Haka ne ma, yallaɓai," in ji Manasseh, don shi bai iya musu da baƙo ba.

"Injin niƙan Mama ne," in ji Catherine daga gefe. Ba ta yi niyyar ɗaga murya haka ba.

Kowa ya waiwayo. Dakta Zubaidatu ta ce wannan yayarsa ce, gida ɗaya suke. Wata 'yar jarida ta matso da wayarta ta ce, "Mama, ke da kika fi kowa jinsa, gwani ne ko ba gwani ba?"

"Gwani ne," in ji Catherine. "Duk ɗakin nan ba wanda zai gaya mini. Daɗi ne dai babu. Ni nas ce, 'yata. Allura ma tana aiki, amma ban taɓa ganin wanda ya nemi ƙari ba."

Aka yi dariya, mai gemu ya rubuta wani abu a ɗan littafinsa.

A hanyar komawa, rana ta yi sanyi, suka sake faɗawa cunkoson Mararaba. Manasseh yana kujerar baya. Catherine ta sayi gyaɗa ta taga, ta ɓare ta ci, sannan ta ce ba tare da ta waiwaya ba, "Ka yi kuskure."

"A ina, Yaya?"

"Injin nan bai taɓa tashi a ja na biyu ba. Sai na huɗu, bayan Mama ta zage shi. Kuma me ya sa kake yanke waƙar a tsakiya?"

"Iyakar abin da na tuna ke nan. Shekarata biyar fa lokacin. Na yi ta nema, ya ƙi zuwa."

"Ka yi ta nema, ina ɗakin gaba?"

"Ai in na ɗauki jita sai in ji kin ja taga."

Ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga zaninta, ta gyara murya, ta rera masa sauran rabin da hanci, sau biyu, masu acaɓa suna ta hon a gefe. Godfrey ya rage rediyo. Manasseh ya riƙa bin ta da yatsa a kan jitar da ba a jona ba.

Ranar Laraba labarin ya fito a wata jarida, da hotonsa, da maganar allura a manyan baƙaƙe. Godfrey ya manna shafin a bangon garejinsa, yana gaya wa masu kawo mota cewa shi ya fara gano mutumin. Sabon Gari ta yarda cewa Manasseh babban mutum ne. Ba ta dai yarda ta saurare shi ba.

Ana saura mako biyu bikin Mabel, 'yar maƙwabciyarsu, uwar amarya ta zo kemis ta zauna, ta yi ta kewaye-kewaye. Daga ƙarshe ta ce suna so Manasseh ya zo ya zauna a babban tebur, a ambaci sunansa, dangin ango daga Abuja su san unguwar tana da mutane.

"Amma Anti, don Allah, jitar nan..."

"Za ta kwana a gida," in ji Catherine.

Ya je cikin babbar riga mai ruwan toka. Mai gabatarwa ya kira shi shahararren makaɗinmu da duniya ta sani, ya miƙe ya ɗaga hannu, rumfa ta ɗauki tafi da guɗa har mai ganga ya taya. Ya zauna yana murmushi, ya sunkuyo wajen yayarsa.

"Yaya, tafin nan ya fi na Abuja."

"Don ba ka kaɗa ba ne," ta ce, ta tura masa faranti. "Ci shinkafarka."