Layin da Ba na Dogo Ba

A gadon bayan Dogo kujerar ta karye. Mutumin da ya faɗo ofishin cikin rigar masana'anta ya yar da guntun, ya damƙo ƙeyarsa ya buga fuskarsa a tebur. Jini ya bi tsakanin maɓallan kwamfuta.

"Injinku ya cinye hannun ƙanena," in ji mutumin, yana haki. "An ce kai ka rubuta abin da ya hana shi tsayawa."

Daga bakin Manaja "an ce" ɗin ya fito. Jiya manhajar da ofishin ya rubuta wa injin yankan ƙarfe ta sandare, wuƙar ta sauko kan ma'aikaci. Idan manhaja ta mutu, lambar kuskure kawai take bari. Tabarau, kamar yadda ake kiran wata ma'aikaciyar ofishin saboda gilashin idonta, ita ke kula da ƙaramar manhajar da ke ɗaukar lambar, ta bi bayanan da aka adana ranar haɗa shirin injin, ta nuna layin rubutun da ya jawo ɓarnar. Layin da Dogo ya rubuta ta nuna. Manaja kuwa, da ba a san shi da riƙe baki ba, ya kai sunan har masana'anta.

Sai da masu gadi suka taru suka danne mutumin, gwiwa a wuya. Bai daina harbin ƙafar tebur ba. Dogo ya tofar da haƙori a tafin hannunsa.

"Wallahi, 'yar'uwa, ban taɓa wajen birkin injin nan ba," ya ce wa Tabarau da fasasshen baki.

Kunya da tsoro suka rufe ta. Manhajarta tana da gargaɗin da ke fitowa idan bayanan ba na shirin da ke cikin injin ba ne, amma Manaja ya sa an kashe shi, wai yana ɓata masa lokaci. Ta juya kan kwamfutarta ta sake kunna shi. Nan take ya fito ja. Ashe tsohon shiri ke cikin injin, su kuma da bayanan sabon shiri suka karanta lambar.

Ta nemo tsofaffin bayanan ta sake gwadawa. Wani layin daban ya fito, inda aka cire umarnin jiran birki don injin ya ƙara sauri. Sunan wanda ya cire yana gefe.

Manaja ya sunkuyo ta kafaɗarta, ya karanta sunan, ya ga nasa ne. Ya saci kallon mutumin da ke ƙasa, wanda masu gadi suka fara gajiya da riƙonsa.

"Ƙanwata," ya ce ƙasa-ƙasa, "rufe, ma yi magana a ofishina."

Ta dubi Dogo, yana goge jini da gefen riga.

"Ranka ya daɗe, idona ba ya gani sosai," ta ce.

Ta ƙara girman rubutun har sunan ya cika allon.