Ranar da Shatu Ta Yi Shaida

Shekara biyu da samun mulkin kai, ana tsakiyar cinikin gyaɗa, Na Allah ya shigo Korgom a kan jan babur mai lambar Gana. Jakunan da ke kai buhuna wurin sikeli suka watse, ɗaya ya kayar da kayansa a ƙofar masallaci, mai shi ya bi shi da gudu yana tsine wa babur da wanda ya ƙera shi. Na Allah bai ma ji ba. Yana can cikin tabarau da hular fata, yana raba ido ko zai ga wani abu da ya sani a garin da ya bari shekara talatin da ɗaya da suka wuce.

Yana ɗan shekara tara ubansa ya ɗora shi a jaki, shekarar da fara ta cinye hatsi, suka bi fatake zuwa Gwanja. Uwar ta ƙi tafiya, ta zauna gidan wanta. Uban ya rasu a Kumasi, Na Allah ya girma a Zango, ya koyi gyaran mota, ya auri Rashida suka haifi uku. Ba wahala ce ta koro shi ba, yana cin nama sau uku a mako. Amma tun da Gana ta sami kanta, duk ƙofar hukuma da ya shiga sai an tambaye shi shi ɗan ina ne, kuma mutum yakan gaji da wannan tambaya a garin da ya binne ubansa. Da ya ji direbobi suna cewa gyaɗa ta buɗe arziki a ƙasar Tasawa, manyan motoci sun yi yawa ba mai gyara su, sai ya ce wa Rashida ta ɗaure kaya ta jira wasiƙa.

Hanya ba ta yi masa da sauƙi ba. Shekarar agana ce, kowace iyaka da mai lambar rigakafi zaune da ɗan ƙarfensa. Aka tsaga masa damtse da zai fita Gana, aka tsaga da zai shiga Nijar, aka ƙara na uku a wani shinge kafin Maraɗi domin man babur ya zube wa katin rigakafinsa ya shafe hatimin. Malamin iyaka kuwa ya dubi babur, ya dubi tabarau, ya ji Hausar Zango, sai ya rubuta a takardarsa cewa baƙo ne ɗan yawon buɗe ido, an ba shi wata ɗaya. Na Allah bai iya karatun Faransanci ba, ya yi godiya ya cusa ta a aljihu.

A Korgom ba wanda ya gane shi. Ya tsaya ƙofar gidan kawunsa ya yi sallama, aka ce masa kawun ya rasu, ƙanwar kawun ma, wato uwarsa, shekara ashirin ke nan. Ya daɗe da zaton haka, amma jin abin a kunne daban ne. Ya tsaya riƙe da hula kamar wanda ya ɓata hanya, mutane sun kewaye shi suna kallon babur. Sai wata mace gajera mai ƙarfin kafaɗa ta fito, ɓawon gyaɗa duk a zanenta. Ta dube shi sama da ƙasa, ta riƙe ƙugu.

“Ikon Allah! Wa yak kwance bawana? Shekara talatin ban ga shara a ƙohwar ɗakina ba, ashe kana can kana cin gwaza da Tonawan Kumasi. Sauke idon gilashin nan, mummuna!”

Shatu ce, ɗiyar kawunsa, taubashiyarsa. Ita 'yar namiji, shi ɗan mace, don haka tun suna rarrafe ita ce uwargijiya shi ne bawa, kuma tsakaninsu ba maganar kirki har abada. Na Allah ya yi dariya har hawaye suka zubo, waɗanda dama suna bakin ido suna neman dalili. Ya ce ai bawa ba ya gudu sai uwargijiyar ba ta iya tuwo ba. Mutane suka ce lalle ɗan gida ne.

Mako uku ya yi yana shan daɗin duniya. Ya tayar da wata motar gyaɗa da ta yi kwana goma kwance a bakin kasuwa, sunansa ya kai Kanan-Bakashe. Ya goya liman a babur, ya goya mai gari, wanda ya sauka yana cewa gara doki, ko ba komi yana jin magana. Shatu ta raɗa wa babur ɗin suna jaki mai tari, ta ce ko a mafarki ba ta hawa. Kullum ita ke aiko masa da fura, kullum da saƙon cewa ragowar ta akuya ce.

Ranar kasuwa wani jandarma, ɗan sandan ƙasar, ya tsayar da shi, ya karanta takardar iyaka, ya ce saura kwana tara. In sun cika bai nuna shi ɗan ƙasa ne ba, za a raka shi har iyaka da shi da baburinsa. Na Allah ya ce ai ga ɗakin da aka haife shi can. Jandarma ya ce ɗaki ba ya sa hannu. Sai dai ya je Tasawa gaban alƙali da shaidu biyu, a yi masa takardar haihuwa.

Abin ya tsaya masa a rai ƙwarai. Can baƙo, nan baƙo, ga mace da yara uku zaune a kan ƙullin kaya.

Shaida na farko bai yi wuya ba: tsoho Ƙadri mai haƙar rijiya, abokin ubansa, wanda ya ci naman sunansa. Na biyu dole ya zama dangi na jini, kuma jinin da ya rage masa a Korgom Shatu ce. Ya same ta tana sussuka ya ce, “Shatu, gobe fa ba wasa.”

“Ni da kai akwai wasa?” in ji ta, ba ta ko ɗago ba.

Da wani mai hankali ne, da ya tsaya ya ƙara bayani. Amma Na Allah ya san roƙon taubashi ya yi shiru kamar zuba wa wuta mai ne, sai ya bar ta. Washegari ya goya Ƙadri, ita kuwa ta hau saman buhunan gyaɗa a motar da ya gyara, ta isa Tasawa kafin su tana cewa jaki mai tari ya ji kunya.

Alƙalin wani Bature ne matashi, cikin waɗanda suka rage bayan mulkin kai kafin 'yan ƙasa su gama karatu. Mutum ne mai son gaskiya har ta yi masa yawa. Tafintansa, Isufu, ɗan Tasawa ne, kuma an taɓa kama shi yana ƙara wa maganar shaidu gishiri, don haka yanzu umurninsa shi ne ya juya magana kalma bayan kalma, ko tari aka yi ya faɗa. Ɗakin cike yake da masu jiran tasu shari'ar.

Ƙadri ya yi tasa shaidar sumul, ya faɗi sunan uba da na kaka da launin ragon suna. Aka kira Shatu. Alƙali ya tambaya ko ta san wannan mutum.

Shatu ta ga ɗaki cike da jama'a, ga bawanta a tsaye yana zufa cikin sabuwar riga. Wace taubashiya ce Allah zai ba wannan rana ta bar ta ta wuce?

“Wanga? Na san shi mana. Bawana ne. Kasuwar Kanan-Bakashe na saye shi, shi da ɗan akuya. Akuyan ma ya hi shi tsada.”

Ɗaki ya ɗauki dariya. Isufu ya cije leɓe ya juya magana yadda take. Alƙali ya rubuta, ya tambayi inda aka haife shi.

“Haihuwa? Wa zai haihi wanga? Cikin huhun goro aka tsince shi a Kumasi. Ba ka ji Hausatai ba? Ba namu ba ne, ranka shi daɗe, a maishe shi inda ya hito.”

Ƙadri ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Na Allah kansa, don tsabar sabo, sai da bakinsa ya buɗe zai rama. Isufu ya juya. Alƙali ya rubuta, ya ajiye alƙalami, fuskarsa ta yi ja. Ya yi magana mai tsawo, dariyar ɗakin tana raguwa da kaɗan-kaɗan.

Isufu ya share goshi ya ce, “Mushe alƙali ya ce abu biyu ne. In an saye shi, ke za ki gidan kaso don cinikin mutum. In Kumasi aka haihe shi, baƙo ne, ran Juma'a jandarma su kai shi iyaka.”

Sannan ya juya ya yi ta yi wa alƙali bayani da Faransanci, da hannu da ƙafa, cewa wasa ne na 'ya'yan wa da ƙanwa, duk ƙasar nan haka ake. Alƙali ya ce shi ma yana da irin waɗannan dangi a ƙasarsu, ba wanda ya taɓa sayar da shi. Abin da aka rubuta ya rubutu, sai fa in matar ta ba da wata shaidar da bakinta, ta faɗi abin da ɗan gida kaɗai zai sani. Ya ɗora hannu a kan takardun zai rufe.

Shatu ta waiwaya ta dubi Na Allah, tana jiran ya harare ta ko ya ce mata wata baƙar magana. Shi kuwa ya sunkuyar da kai. Hular fatarsa kawai yake jujjuyawa. Sai a lokacin ta gane yau ba wasa ba ne.

Ta gyara mayafi. Ta juya masa baya sarai, ta fuskanci bango, domin ba za ta iya faɗin abin da za ta faɗa tana kallonsa ba.

“Sunanai Na Allah, ɗan Laminu da Habsatu. Habsatu gwaggona ce. An haihe shi ɗakin da ke dab da rumbunmu, bayan ta binne ɗiya ukku, shi yas sa aka ce na Allah ne, ba nata ba.” Muryarta ta yi ƙasa, Isufu ya matso. “Ran da ubanai yat tahi da shi, gwaggo ba ta yi kuka ba, don kar shi waiwayo. Ta shiga ɗaki ta yi kwana ukku ba ta hito ba. Tun daga nan, duk kaka in an ɗaure hatsi, sai ta ware dami guda ta ce wanga na Na Allah ne, kar shi zo shi iske ba shi da ci a gidan uwatai. In sabon hatsi ya shigo bai zo ba, ta yi sadaka da tsohon, ta ware wani. Shekara goma sha ɗaya tana haka. A kan ƙahwata ta cika, tana tambaya ko an ji fatake.”

Isufu ya juya kalma bayan kalma, sau biyu yana tsayawa ya gyara murya. Ba wanda ya yi tari a ɗakin. Na Allah ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa suna girgiza, ƙato da shi. Shekara talatin yana zaton uwarsa ta ƙi binsu ne don ba ta damu ba.

Alƙali ya daɗe yana kallon takardar farko. Ya ja mata layi daga kusurwa zuwa kusurwa, ya ɗauki sabuwa ya rubuta, ya buga hatimi. Ya ce wa Isufu ya gaya wa matar cewa gobe in za ta sayar da wani ta yi nesa da ɗakinsa.

Suka fito rana ta take. Ƙadri ya tafi neman goro. Na Allah ya tsaya gindin wata itaciyar bedi yana jujjuya takardar da bai iya karantawa ba, wadda ta ce shi ɗan Korgom ne. Yau zai aika wa Rashida wasiƙa. Shatu tana gefe tana kakkaɓe zane da ƙarfi kamar zanen ne ya yi mata laifi.

“Shatu,” ya ce.

“Kar ka soma. Ka sa na yi maganar kirki a kanka gaban mutanen Tasawa, ban san inda zan sa kaina ba. Ko Bature ya ga ta kaina yau.”

“Na gode.”

“Riƙe godiyarka, bawan banza.”

Sai ya tambayi abin da ke cinsa. “Damin nan. Shekarar da ta rasu, wa aka ba na ƙarshe?”

Shatu ta dube shi kamar ya tambayi ko rijiya tana da ƙasa.

“Wane na ƙarshe? Wa yac ce maka an daina?” Ta ɗaure bakin mayafi ta nufi wajen motocin gyaɗa, tana magana ba ta waiwayo ba. “Shekara ashirin ina noma ma ƙaton banza. Na bana shina nan cikin rumbu, ka zo ka kwashe abinka kahin ɓeraye su riga ka.”