Allo na Huɗu

Sista ta yi shekara talatin tana aikin jinya, ta ga wauta kala-kala a asibiti, amma ba ta taɓa ganin irin ta ƙanin mijinta ba. Sakatare ake ce masa, domin shi ne sakataren kwamitin raya unguwa. Tun da ya sami muƙamin bai ƙara fita babu fayil a hammata ba, ko da aski za shi.

Mijinta kafinta ne, har ranar da shanyewar ɓarin jiki ta kayar da shi a shago da zarto a hannu. Likita ya ce abu ɗaya ya rage: ya yi tafiya kullum, in ba haka ba ƙafar hagun ta tafi ke nan. To, mutumin taku talatin yake iyawa kafin gwiwa ta fara rawa. Sa'ar da suka ci, a lambun shaƙatawa na bayan layinsu akwai benci bakwai a jere, tsakanin kowane biyu kusan taku talatin. Kowace safiya sai ta riƙo shi, ya yi talatin, ya zauna a inuwa ya huce, ya tashi. A watan farko benci na biyu ne iyakarsa. Ya kai na biyar ke nan sai Sakatare ya je wani taron bita na kwana biyu, ya dawo da kalmar "ingantawa" a baki, ko atishawa ya yi sai ta fito.

Ran Litinin suka shiga lambun, Sista ta ja ta tsaya. Babu benci ko ɗaya. An kwance katakan an kwashe, an bar ƙafafun siminti biyu-biyu don sun gagari cirewa. A bayan kowane biyu an kafa allo kore mai faɗi da farin rubutu. Na farko ya ce lambu yana ɗaga darajar gidaje yana kawo ciniki, ga mai lemo da mai jarida can waje an koro su. Na biyu ya ce itatuwa suna tace iska, har an datse reshe guda don rubutun ya fito sosai. Na uku ya ce tafiya tana rage hawan jini. Nata kam nan take ya hau.

Kafinta ya yi talatin ɗinsa, ya laluba inda ya saba zama, ya ƙare da riƙe ƙarfen allo yana haki. Da ƙyar ta mayar da shi gida. Kwana tara bai fita ba. Ta yi tunanin ɗaukar kujerar roba, amma hannu biyu gare ta, kuma duka biyun shi suke riƙewa. Tana gani ƙafar ta koma jan ƙasa kamar da, tsoro na gaske ya kama ta.

Ta sami Sakatare a ofishin kwamiti, ɗaki mai tebur ɗaya da hatimi uku.

"Anti, ai lambu wurin motsa jiki ne," in ji shi, yana lilo a kujera mai juyawa. "Benci zaman banza yake koya wa mutane. Bincike ya nuna."

"Binciken ya nuna maka ƙafar yayanka?"

"Ki rubuto koke, ma duba a zama na gaba."

"Au, ashe ku ba a hana ku zama ba."

Bai gane ba, Allah sarki. Har buɗe fayil ya yi ya miƙo mata farar takarda.

Washegari da sassafe ta buɗe akwatin aikin mijinta ta ɗauki sifana. Ta bi allunan ɗaya bayan ɗaya tana karantawa tana tsaki, ta zaɓi na huɗu. Noti huɗu ne ke riƙe da shi. Matar da ta yi shekara talatin tana juya ƙattin majinyata a gado, allo ba zai ba ta wahala ba. Ta kinkimo shi ta ɗora a kan ƙafafun simintin farko, ya hau daidai. Sannan ta koma ta taho da mijin.

Ya yi talatin, na ƙarshen da jan ƙafa, ya zauna. Da numfashi ya dawo masa sai ya ƙwanƙwasa allon da yatsa.

"Katako mai kyau," ya ce, maganar tana fita a karkace. "An ɓata shi da surutu."

Ana haka sai ga Sakatare da mai hoto, sun zo ɗaukar allunan don rahoto.

"Anti! Wannan fa kayan kwamiti ne!"

"Na sani. Karanta min abin da kuka rubuta."

"Ai Yaya ya zauna a kai."

"Maigida, ɗan gusa ƙaninka ya yi karatu."

Kafinta ya gusa a hankali. Sakatare ya sunkuya, ya karanta da muryar taro don ya saba: "Lambu wurin hutawa ne ga dattawa da masu jin..." Bai ƙarasa "jinya" ba, ya miƙe yana gyara fayil a hammata. Mai hoto, wanda ba a faɗa masa kome ba, ya ɗauka, ya ce wannan ne ma zai fi kyau a bangon rahoton.

Kafinta bai ko kalli ƙanin nasa ba. Idonsa yana kan ƙafafun siminti na gaba da allon da ke tsaye a bayansu. Ya miƙo hannun dama. Sista ta kawo kafaɗa don ya dafa, ya girgiza kai.

"Sifanar," ya ce. "Wancan ni zan kwance. Ke kashe kan noti kike yi."

Ta saka masa ita a aljihun riga, ta riƙo shi, ya miƙe ya fara ƙirga.