Turmin Kabula

Ranar da kuncin Kabula ya kumbura kamar ta ɓoye fanken mandazi a baki, duk unguwa ta san Masanja uba ne. Ya ɗora 'yar tasa mai shekara takwas a babur ɗinsa na acaba, yana danna hon har asibitin haƙori a Mwanza, ya shiga da ihu sai ka ce shi ake yankawa.

Likita ta wanke ramin da ke haƙorin turmin yarinyar, ta toshe da wani farin abu.

"Baban Kabula, wannan toshiyar ta wucin gadi ce. Ka dawo da ita wata mai zuwa a cike shi sosai. Haƙorin girma ne, in ya tafi ya tafi ke nan."

"An gama, Dakta," in ji shi, idonsa na kan babur ta taga.

Ciwo ya lafa, Kabula ta koma shan rake, Masanja kuma ya zama likita. Mutumin da ko tari babur ya yi sai ya yini wurin makanike, shi ne ke yi wa matarsa lacca.

"Maman Kabula, ke dai tsoro ya yi miki yawa. Yarinyar da ba ta gama famfara ba? Yaushe kika ga na yarinta ya faɗi a gurbin nan, balle na girma ya fito? Zubewa zai yi da kansa."

"Amma likita ta ce..."

"Ta ce, ta ce! Yarinya na ci tana dariya, in kai ta in ce me? Lafiya ce ta kama ta?"

Da toshiyar ta fita ana cin tuwon ugali, cewa ya yi alamar warkewa ce. Bayan damina kumburi ya dawo, har ya rufe mata ido ɗaya. Aka sake hon, aka sake ihu. Likita ta leƙa bakin, ta dubi Masanja, ta cire turmin. Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

Kabula ta roƙa aka ba ta abinta. Suna isa gida ta wurga shi kan rufin kwano yadda yara ke yi, ta kira hankaka ya ɗauki tsoho ya kawo mata sabo.

Tun daga nan, kowace safiya sai ta tare uban a ƙofa, ta wangale baki.

"Baba, duba min, ya fara fitowa?"

Masanja ya leƙa ramin, ya kau da kai.

"Saura kaɗan, Mama," in ji shi.